Jinin awon radiyeshon: me ajiya ke yi masa kafin ya isa ɗakin gwaji?

Tambaya: Wani ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje da ke karatun digiri na biyu ya rubuto cewa zai ɗebi jinin ma'aikatan sashen ɗaukar hoton ƙashi, domin a duba ko radiyeshon ya taɓa kuromosom ɗinsu, wato ƙunshin zaren gado da ke cikin ƙwayoyin jiki. Zai kuma haska wa wani jinin radiyeshon da gangan don ya samu abin kwatantawa. Inda za a reni ƙwayoyin tafiyar yini guda ce daga garinsu, wani lokacin jinin sai ya kwana biyu ko uku a hannu. Yana son ya sani: ya sa shi a firij? Kuma jinkirin zai ƙara lahanin da za a gani ne, ko zai rage shi?

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da sa'a. Kada ka sa wannan jinin a firij in kana da yadda za ka yi, firiza kuwa ko kusa. Ka riƙe shi tsakanin digiri 18 da 24 a ma'aunin Salshiyos, cikin kwalba mai koren murfi, wato mai hefarin, ka kuma yi iya yinka ya shiga ruwan reno kafin ya cika kwana uku. Game da tambayarka ta biyu, ajiya ba ta ƙirƙiro sabon lahani, ba ta kuma goge wanda ya riga ya auku. Abin da take taɓawa shi ne waɗanne ƙwayoyi ne za su rayu har su rabu a lokacin da kake jiransu. Da yake ƙwayar da ta rabu kaɗai kake iya ƙirgawa, kuskuren da ajiya ke jawowa yawanci ƙasa yake jan sakamako, ya nuna maka mutum ya sha radiyeshon kaɗan alhali ya fi haka. Wannan shi ne kuskuren da ya fi muni a aikinmu, shi ya sa zan ɗan tsawaita.

Ƙwayar da muke aiki da ita limfosayit ce, ɗaya daga cikin fararen ƙwayoyin jini. A jikin mutum tana zaune ne ba ta rabuwa, kuromosom ɗinta a warware suke, ko ka sa ta a madubin likita ba za ka ga komai ba sai dunƙulen tsakiya. Idan radiyeshon ya ratsa ta yana tsinka zaren DNA gida biyu, ƙwayar kuma ta shiga ɗinki nan take. Mafi yawan ɗinkin yana kammala cikin awa ɗaya zuwa biyu. Wani lokacin sai ta ɗinke ba daidai ba, ta haɗa guntun wannan kuromosom da na wancan, a samu kuromosom guda mai ƙugu biyu maimakon ɗaya, da ɗan guntu marar ƙugu yana yawo a gefe. Mai ƙugu biyun nan, da muke kira daisentirik, shi ne shaidarmu. A jinin wanda bai sha radiyeshon ba da ƙyar ka samu ɗaya a ƙwaya 1000, kuma ba abin da ke haifar da shi da yawa kamar radiyeshon. Tun 1962 masana biyu, Bender da Gooch, suka gwada shi a kan ma'aikatan da haɗari ya rutsa da su a Hanford ta Amurka, har yau kuma shi ne ma'aunin da ake auna sauran hanyoyin da shi.

To, kafin ka kai allura jikin mutum, wannan ɗinkin ya daɗe da ƙarewa. Ƙwayar da ta yi kuskure ta riga ta yi, kuma tana riƙe da shi har ranar da za ta rabu. Kwana biyu a kwalba ba zai warware mai ƙugu biyu ya koma daidai ba, zafin mota kuma ba zai haɗa sabo ba. Shi ya sa gwaje-gwajen da aka yi ta maimaitawa ke nuna cewa jinin da aka ajiye a yanayin ɗaki na kwana biyu zuwa uku, yawan daisentirik ɗinsa bai cika bambanta da na sabon jini ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen rabuwa. Kafin mu ga kuromosom sai mun tashi ƙwayar daga barci. Peter Nowell ne ya gano a 1960 cewa wani sinadari da ake samu a jan wake, PHA, yana sa limfosayit ta fara rabuwa. Sai mu zuba jini kaɗan a ruwan reno mai PHA, mu sa a inkubeta a digiri 37 na awa 48, a awa biyu ko uku na ƙarshe mu ƙara kolsemid ya tsayar da ƙwayoyin a daidai lokacin da kuromosom suka dunƙule suka fito fili. Daga nan a kumbura su da ruwan gishirin fotashiyam, a ƙafe su da metanol kashi uku da asid ɗin asetik kashi ɗaya, a ɗiga a gilashi, a rina. Duk wannan doguwar hanya tana buƙatar ƙwaya mai rai da ƙarfinta. Jini kuwa daga fitarsa jiki yake fara gajiya. Kai ma ka san sukarin da ke cikin kwalba yana raguwa da kusan kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari a kowace awa, shi ya sa ba ka barin jinin awon sukari ya yini a kan tebur. Tsami yana taruwa, sauran fararen ƙwayoyin da ba su da tsawon rai suna fashewa cikin kwana ɗaya ko biyu, abin da suke zubarwa kuma yana danne ƙarfin limfosayit. A gilashin sabon jini za ka tarar da masu rabuwa birjik, kana matsar da gilashi suna shigowa, kowace da kuromosom 46 a baje. A na jinin da ya sha wahala sai ka yi ta yawo cikin tarkace da ƙanƙanannun tsakiya masu duhu kafin ka samu ɗaya, ita ma a cukurkuɗe.

In da a ce mutuwar nan tana ɗaukar kowace ƙwaya daidai wa daida, da matsalar ba ta wuce ƙarin aiki ba. Amma limfosayit na cikin ƙwayoyin da radiyeshon ya fi saurin kashewa, tana iya mutuwa tun ba ta fara rabuwa ba. Wadda ta ji rauni ta tsira kuma tana makara, ana ƙiyasta jinkirin da kusan awa ɗaya a kan kowane Gray, wato ma'aunin yawan radiyeshon da jiki ya sha. Idan ka ɗora mata wahalar ajiya a kan raunin da take ɗauke da shi, ita ce ta fi kusa da faɗuwa. Kamar a aike ka ƙirga waɗanda suka ji ciwo a haɗarin mota ne, ka je tasha ka tsaya kana duba waɗanda suka iso da ƙafarsu. Za ka kawo adadi, ba ka yi ƙarya ba, amma masu munanan raunuka ba su zo inda kake ba.

Wannan bai cika yin tasiri ba idan radiyeshon ya game jiki duka daidai, domin kowace ƙwaya ta samu rabonta. Ya fi cizo idan ɓangare ɗaya ne ya sha, kamar mai aikin hoton bututun mai da ya ɗauki ƙwayar iridiyam da hannu ko ya sa ta a aljihu. A jininsa akwai jama'a biyu a gauraye, waɗanda suka sha da yawa da waɗanda ba a taɓa ba. Lafiyayyun ne ke jure ajiya, su ne kuma ke riga zuwa. Akwai lissafin da muke gyara wannan da shi, ta duban yadda daisentirik suka taru a ƙwayoyi kaɗan maimakon su bazu, kuma lissafin yana cike gurbin waɗanda suka mutu. Sai dai an gina shi ne a kan jinin da aka kula da shi, ba wanda ya kwana biyar a zafi ba. Saboda irin wannan mutumin ne ma ake so a jira kamar awa 24 bayan haɗari kafin a ɗebi jinin kuromosom, don ƙwayoyin da ke cikin saifa da kaluluwa su gauraya da na jijiya.

Akwai ɓarna ta biyu da mutane ke jawo wa kansu da kyakkyawar niyya. Mutum ya ga jini ya tsufa, masu rabuwa sun yi kaɗan a awa 48, sai ya bar reno ya kai awa 72 don su yawaita. Za su yawaita kam, amma da yawansu sun shiga rabuwa ta biyu. Kuromosom mai ƙugu biyu ba ya ƙetare rabuwa lafiya, ana jansa ta gefe biyu, kusan rabinsu ke ɓacewa a kowane zagaye. Bari in ba ka misali da lissafi. A ɗakunan gwaji da yawa, Gray 2 na hasken kobalt kan ba da daisentirik wajen 28 a ƙwaya 100. A ce rabin ƙwayoyin da ka ƙirga 'yan zagaye na biyu ne. Adadinka zai sauko wajen 21, ka karanta shi a matsayin Gray 1.7. Ratar ba ta kai ta firgita mutum ba, domin lahani yana hawa ne kusan da ninkin adadin radiyeshon a kansa, wannan kuma yana rage kaifin kuskure. Amma a wajen Gray 2 ɗin nan ne likita ke yanke shawarar wa za a kwantar a fara masa maganin farfaɗo da ɓargo, wa za a sallama a riƙa bibiya. Maganin abin shi ne ka sa BrdU, wani sinadari da ke shiga cikin sabon zaren DNA, a ruwan reno tun farko. Da rini na musamman, ƙwayar zagaye na biyu za ta fito da hannu ɗaya na kowane kuromosom a duhu ɗayan a haske, ka tsallake ta. Wasu ɗakunan, musamman a Japan, sukan sa kolsemid ɗan kaɗan tun da wuri don kada kowace ƙwaya ta wuce zagayen farko. Da ɗaya daga cikin biyun nan a hannunka, kana iya ƙara wa tsohon jini 'yan awanni ba tare da fargaba ba. Ajiya na iya sauya lokacin da ƙwayoyi ke shiga rabuwa, don haka kada ka dogara da agogo kaɗai.

Yanzu maganar firij. Na san dalilin da ya sa hannunka ke zuwa can, kuma wataƙila wani zai ce maka su suna ajiye jinin awon kuromosom a firij na kwanaki yana kuma yi musu aiki. Gaskiya ya faɗa, amma aikinsa daban da naka. Wanda ke neman ya tabbatar ko jariri na da ƙarin kuromosom na 21, ƙwaya ashirin ta ishe shi, kuma duk wadda ta rayu labari ɗaya za ta ba shi, tunda dukkansu iri ɗaya ne. Kai kuwa ƙwaya 500 zuwa 1000 kake nema, kuma so kake su wakilci duka jama'ar, masu rauni da lafiyayyu. Sanyin digiri 4 yana tsayar da famfon da ke riƙe gishirin ƙwaya a daidai, kuma limfosayit irin wadda PHA ke tasarwa ba ta son sa. Idan ka taɓa aikin ƙirga CD4, wani rukunin limfosayit, ka tuna ana hana sa wannan jinin a firij. Dangin dalilin ke nan. Ga kuma halin firij ɗinmu: wuta ta zo ya daskarar da abin da ke jikin bango, ta ɗauke ya koma ɗumi. Jinin da ya daskare ya tashi aiki, ƙanƙara ta farfasa ƙwayoyin, ba abin da zai rabu. Shi ya sa littafin jagora na Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya, IAEA, na 2011 ya tsaya a kan digiri 18 zuwa 24.

Sai dai "yanayin ɗaki" na littafi ba shi ne ɗakinmu a watan Afrilu ba, lokacin da inuwa kanta ke haura digiri 40, but ɗin mota kuwa ya fi haka nesa. Zafi ya fi sanyi saurin kashe jinin nan, yana ƙone sukarin cikin 'yan awanni. In aka tilasta mini zaɓi tsakanin firij mai aiki daidai da but ɗin mota da rana tsaka, firij zan ɗauka, in rubuta a takarda cewa na yi hakan. Amma ba dole ba ne a kai ga wannan zaɓin. Ka samu kula mai kauri, ka jera gorunan ruwa masu sanyin randa a ciki, su ne za su riƙe maka yanayin. In zafin ya yi tsanani ka ƙara jakar sanyi guda da aka fitar daga firij, ka naɗe ta da tawul, kada ta taɓa kwalba. Ka sa ma'aunin zafi mai rubuta mafi sama da mafi ƙasa a tsakanin kwalaben. Kular ta zauna cikin mota wajen ƙafar fasinja, a kama hanya da asuba. Ka ɗebi jini ranar Litinin ko Talata, ka kuma kira masu karɓa kafin ka soki kowa, domin awa 48 ɗin reno sai an lissafa ranar da za ta faɗo.

Kwalba ma ka kula. Wadda ta cika ɗakunan gwajinmu ita ce mai EDTA, ta awon yawan jini da jinotayif. EDTA yana kame kalsiyam, ƙwaya kuma ba ta amsa kiran PHA in babu kalsiyam. Mai hefarin ta lithiyam ake so, mililita 10 in hali ya yi, a juya ta a hankali sau da yawa don kada jini ya yi guda-guda. Mai EDTA tana da nata aikin in haɗari ne na gaske: da ita za ka riƙa ƙirga limfosayit duk bayan 'yan awanni a kwana biyun farko, saurin faɗuwarsu zai ba likita haske tun kafin sakamakon kuromosom ya fito. A irin wannan hali kuma a Najeriya hukumar sa ido kan harkokin nukiliya, NNRA, ake sanarwa ba tare da jinkiri ba.

Jinin da za ka haska da kanka dokarsa ta fi tsauri, domin a nan ɗinkin bai auku ba tukuna, a hannunka zai auku. An daɗe da sanin cewa jinin da aka haska yana da sanyi yakan ba da daisentirik ƙasa da wanda aka haska a ɗumin jiki. Idan ka ciro kwalba daga kula ka miƙa ta ƙarƙashin na'ura, ma'auninka ya karkace tun daga tushe, duk wanda ka auna da shi daga baya kuma ya gaji karkatar. Ka ɗumama jinin ya kai digiri 37, ka haska shi a haka, ka bar shi a 37 ɗin na awa biyu ya gama ɗinkinsa, sannan ya shiga kula. Ka yi amfani da sabon jini, domin wanda ya kwana a rufe iskar oksijin ɗinsa ta sauya, ita kuma tana da hannu a yawan ɓarnar da hasken ke yi. Kowace tafiya a haɗa da kwalbar da ba a haska ba daga mutum ɗaya, ta bi hanya ɗaya, ta kwana wuri ɗaya. Haka ma mutanen da za ka kwatanta ma'aikatan da su: in jinin ma'aikata ya kwana uku na sauran ya kwana ɗaya, ba za ka iya rantsuwa a kan abin da ya kawo bambancin ba. In jirgi za a bi, a rubuta a jikin kwali kada a sa shi a na'urar haska kaya, a kuma jefa ɗan bajen awon radiyeshon a ciki. Abin da na'urar ke bayarwa bai kai ya sauya sakamako ba, amma bajen ne zai kashe gardama in ta taso.

Duk abin da na faɗa na daisentirik ne da danginsa masu buƙatar rabuwa, kamar awon ƙananan tsakiya da Fenech da Morley suka inganta a 1985. In wani ya ba ka shawarar awon gamma-H2AX, dokar ta juye. Shi yana ƙirga tsinkewar da ba a ɗinke ba ne, alamarsa kuma tana dusashewa cikin awanni, don haka a kan ƙanƙara ake ɗora jininsa a tsayar da ɗinkin. Kwalba ɗaya ba za ta yi wa ayyukan biyu ba.

Wani abu da ba ka tambaya ba amma ya shafi aikinka: awon daisentirik a mutum ɗaya ba ya ganin abin da ya gaza kusan Gray 0.1, ko da an ƙirga ƙwaya 1000. Iyakar da aka yarje wa ma'aikaci kuwa milisibat 20 ce a shekara, wato ƙasa da Gray 0.1 ɗin nan nesa, yawancinsu ma ba sa zuwa kusa da ita. Ke nan abin da za ka iya gani bambanci ne ɗan kaɗan tsakanin rukuni da rukuni, bayan ƙirga dubban ƙwayoyi. A irin wannan aiki, jinin da ya ba ka ƙwaya 150 maimakon 1000 saboda wahalar hanya asara ce babba, ga shi ka soki bawan Allah a banza.

Nisa ba ya hana aikin. A haɗarin Goyaniya ta Barazil a 1987, inda hodar siziyam mai fitar da radiyeshon ta bazu a unguwa har mutum huɗu suka rasu, a birnin Riyo mai nisa aka duba jinin fiye da mutum ɗari. Amma in da ni ne a matsayinka, zan duba ko dole ne ɗanyen jini ya yi tafiyar. Rabin farko na aikin, reno da ƙafewa, ba ya buƙatar kayan da suka fi ƙarfin ɗakin gwajin asibitin koyarwa: inkubeta, na'urar juya jini, ruwan reno, PHA, kolsemid, da hannu mai tsabta. Da zarar ƙwayoyin sun shiga metanol da asid, agogo ya tsaya. Suna iya shekaru a firiza, suna iya tafiya ko'ina, ana ma iya ɗaukar hotunansu a tura ta intanet wani ya taya ka ƙirga. Sharaɗin guda ne, inkubeta ta riƙe digiri 37 na awa 48 ba yankewa, domin in ta sauka ko da digiri ɗaya ne na wasu awanni, rabuwa za ta ja baya. Ka haɗa ta da inbata da batir, ka gwada ta kwana biyu da ma'aunin zafi a ciki ba tare da jini ba. Daga nan ka nemi masu ɗakin gwajin can su karɓe ka na mako biyu ka koyi hannu. Kafin ka taɓa jinin ma'aikaci ko ɗaya, ka ɗebi na mai sa kai guda da yardarsa, ka raba shi kwalba huɗu, ka rena ɗaya a ranar, sauran bayan kwana ɗaya, biyu da uku a cikin kular da za ka riƙa tafiya da ita, ka ƙirga masu rabuwa a ƙwaya 1000 na kowacce. Ranar da adadin ya fara zubewa, ita ce iyakar kwanakin da za ka rubuta a tsarin bincikenka.